Garin Neman Ƙiba a Samo Rama: Farautar Jin Daɗi da Zaɓen Abin Damuwa

 

Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ya ƙara lafiya. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, sannunku da fitowa, na san irin hidimar da kuka baro a gida. Ƙannena matasa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Rurum da Saji da Zurgu, da waɗanda suka taso daga Tarai da Durba da Saya-Saya, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. 

An nemi in yi magana a kan farin ciki, kuma na san akwai waɗanda suka zo da fatan za a ba su laƙanin samunsa. Abin da na zo da shi ya ɗan sha bamban. Mutumin da ya mayar da jin daɗi abin farautarsa, ya kwana da shi ya tashi da shi, sau da yawa shi ne yake ƙarewa da ƙuncin rai fiye da maƙwabcinsa da bai taɓa zama ya tambayi kansa ko yana jin daɗi ba. Magabata sun dunƙule zancen da suka ce garin neman ƙiba an samo rama. Ina so mu ga ta inda ramar take shigowa, sannan mu duba abin da ya cancanci mutum ya ɗora wa zuciyarsa.

Mu fara da abin da kowa a nan ya taɓa gani. Matashi ya shekara biyu yana zubin adashi, yana zuwa ƙwadago a gonakin rani na Kadawa, burinsa babur. Ranar da ya fito da shi daga shago, ko ledar kujerar ba ya yarda a cire. Ya wanke shi da safe, ya goge shi da yamma, ya kafe shi a ƙofar gida inda mai wucewa zai gani, dare ya yi ya tura shi har ɗakin kwanansa. Ku koma wajensa bayan wata shida. Babur na nan, lafiyarsa ƙalau, amma mai shi ya daina ganinsa, domin idonsa ya koma kan ƙaramar motar da abokinsa ya sauke. Kada ku yi saurin kiransa butulu. Haka zuciyar ɗan Adam take: tana sabawa da duk abin da ya daɗe a hannunta, sai ta ɗaga ma'auninta sama.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1978 wani malami a Amurka mai suna Philip Brickman da abokan aikinsa suka nemo mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti ta jihar Illinois, suka kwatanta su da wasu mutanen yankunansu da ba su ci komai ba. Sai aka tarar bambancin farin cikinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, waɗanda suka ci kuɗin sun rage jin daɗin ƙananan abubuwan yau da kullum, irin su karin kumallo da hira da aboki. Babban rabo ya zo, ya dusashe musu ɗanɗanon ƙanana, kuma ƙananan nan su ne mafi yawan rayuwa.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa. Wata malama, Iris Mauss, da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2011. Suka raba mutane gida biyu. Gida ɗaya aka ba su wani rubutu mai kama da labarin jarida, yana ta kambama muhimmancin farin ciki, ɗaya gidan aka ba su rubutun da bai taɓo farin ciki ba. Sannan aka nuna wa wasu daga kowane gida ɗan gajeren fim mai faranta rai. Waɗanda aka cusa wa cewa lallai ne su yi farin ciki su ne suka fi ƙarancin jin daɗin fim ɗin. Dalili kuwa, sun zauna suna auna kansu, suna jiran wani irin daɗi da suka ƙiyasta, da bai kai yadda suka sa rai ba sai takaici ya maye gurbinsa. A shekarar da ta biyo baya binciken nata ya ƙara nuna cewa masu irin wannan ƙwallafa rai sun fi jin kaɗaici. Wanda ya tsare zuciyarsa da tambayar "shin ina jin daɗi?" ya juya wa mutanen da ke gabansa baya, alhali a wajensu daɗin yake.

Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin inda wannan yake bayyana a garuruwanmu, wato wajen biki. Tun daga ranar da aka sa rana, magana ta koma ta akwati nawa za a kawo, wane anko za a fitar, za a yi dina ko ba za a yi ba, gadon wace iri, kujeru saiti nawa. Ba a tambayar abin da gidan zai iya. Ana tambayar abin da aka yi a gidan su wance bara. Uba ya buɗe rumbu da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ya kai masara da dawa kasuwa ya sayar. Bai isa ba, ya kama ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya haɗa. Uwa ta kwashi adashi biyu tun kafin ta zuba rabinsu. Ango kuma ya ci bashin da zai shekara yana biya. An yi biki na kece raini, an ɗauki hotuna, kwana uku ana magana. Sai damina ta faɗi, uban nan ya koma bin layin hayar garma, ya yi shuka a makare. Watan Agusta ya kama, ya koma kasuwa yana awon hatsin da ya sayar da arha, yanzu da tsada. Amarya kuwa tana zaune a tsakiyar kayan ɗakin da aka sha wannan wahala a kansu, ga miji da bashi ya hana shi sakin fuska, cefane yana gagara. Ta tambayi kanta: wannan ne abin da aka ce mini? Auren da aka kashe komai don ranarsa ta farko ta yi armashi, ba a bar masa guzurin rana ta ɗari ba. Tun 2012 gwamnatin Kano ta fara ɗaukar nauyin auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisba, kuma a watan Oktoba na 2023 an ɗaura na mata 1,800 da angwayensu a lokaci guda. Aikin alheri ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi aure ya yi wa talaka tsadar da sai gwamnati ta sa hannu, bayan addinin da muke bi ya sauƙaƙa shi.

Da can mutum da 'yan unguwarsu yake gwada kansa, kuma ya san sirrinsu: ya san mai sabuwar rigar nan aro ya yi. Yanzu waya ta kawo mana duniya cikin aljihu. Yarinya a Kibiya tana kwance a ɗakin mahaifiyarta tana kallon lefen wata a Abuja, saurayi a Lausu yana kallon wani sa'ansa a jikin mota a Dubai. Ba wanda ke ɗora hoton ranar da aka zo masa karɓar bashi. Kallon kitse ake yi wa rogo, sai mai kallo ya wayi gari yana jin haushin tuwon gidansu, tuwon da jiya ya ci ya gode wa Allah. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarce mu da mu riƙa duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya don kada mu raina ni'imar da muke ciki. Manhajojin wayar nan an ƙera su ne su yi mana akasin haka, tun daga asuba har tsakar dare, saboda daɗewarmu a kansu ita ce cinikinsu.

Idan zuciya ta ƙosa, sai ta nemi gajeriyar hanya, kuma masu sayar da gajeriyar hanya ba su taɓa ƙarewa ba. A watan Disamba na 2016 harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe da kuɗin jama'a. Aka yi kuka, aka rantse an daina. A watan Afrilu na 2025 CBEX ta maimaita abin. Ga shagunan cacar ƙwallo, inda yaro zai kai kuɗin da ya yini yana haƙilo a kansu. Ga kuma wadda ta fi su muni, wato kwalba da ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. A 2018 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, har da nan Kano. Ku tambayi duk yaron da ya faɗa ciki me ya je nema. Zai ce muku yana so ne ya manta damuwa, ya ɗan ji garau. Kwalba ɗaya ta yi masa aiki a makon farko. Bayan wata biyu sai uku. Daga baya kuma ba daɗi yake nema ba, yana sha ne don jikinsa ya daina ciwo. Ban san wani misali da ya fi wannan fito da maganarmu fili ba: an fita neman jin daɗi tsagwaronsa, an dawo da wahalar da ta ninka wadda aka gudu.

A nan dole in tsaya in kare kaina daga wata fahimta. Ban zo in ce wa mai jin yunwa ya yi murmushi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota daga nan zuwa Kano ya koma, ya san farashin buhun taki. Magidancin da ya rasa abin sawa a tukunya, damuwarsa gaskiya ce, kuma maganinta abinci ne da aikin yi da shugabanci na adalci. Duk wanda ya ɗauki wa'azin wadatar zuci ya toshe bakin talaka da shi, ya ci amanar wa'azin. Malam Aminu Kano ya rayu da ɗan abin da ya sawwaƙa har ya rasu a 1983, amma bai taɓa ce wa talaka ya haƙura da zalunci ba. Ya rage wa kansa buƙata ne don ya samu ƙarfin faɗa a kan abin da ya fi cikinsa girma. Haka kuma akwai baƙin cikin da ciwo ne. Mutum ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, abin da yake so da duk ya fita ransa, har ya fara cewa gara ya mutu. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma lacca irin tawa ba za ta warkar da shi ba. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai likitocin wannan fanni a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

To, idan farautar jin daɗi ba ta kai mutum, me zai sa a gaba? Amsata ita ce ya zaɓi abin da zai damu da shi. Ba wanda zai rayu ba damuwa. Mai kuɗi na da tasa, malami na da tasa, sarki ma na da tasa. Abin da aka bar mana shi ne wace damuwa za mu buɗe wa ƙofa.

Manoman rani da ke cikinmu za su fi kowa gane ni. Ruwan da ke tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana biyo babbar hanyar ruwa ya rarrabu har ya iso bakin gonarka, kuma abin da ya iso ɗin ƙayyadadde ne. Idan ka fasa duk kwamin da ke gonar a lokaci guda, ruwan zai bazu ya jiƙa saman ƙasa kawai, rana ta ɗaga ya bushe. Manomin da ya san aikinsa yakan toshe wannan ya buɗe wancan, ya tsaya da fartanya har ya ga ƙasa ta sha, sannan ya matsa gaba. Kulawar zuciya ma ƙayyadadda ce. Wanda ya sake ta ga duk abin da ya gifta, rigimar 'yan fim, da wanda ya zage shi a Facebook, da ƙungiyar ƙwallon Ingila da aka ci jiya, da abin da kishiyar yayarsa ta faɗa a gidan suna, zai zo kan karatun ɗansa ya tarar ba sauran ruwa. Malamanmu sun karantar da mu hadisi na 12 a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda ya sanya barin abin da bai shafi mutum ba cikin alamomin kyawun Musuluncinsa. Mun haddace shi muna yara. Aiki da shi ne ya yi mana wuya, kuma bai taɓa yin wuya kamar yanzu ba.

Bari in kawo misalin da ya taɓa kowa a wannan yanki, tare da neman afuwar iyayenmu. A 2019 gwamnatin Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi. An yi murna a nan, kuma murnar tana da dalili. A watan Mayu na 2020 Allah ya karɓi ran Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, Allah ya ji ƙansa. A watan Mayu na 2024 wata gwamnatin ta soke dokar da ta kafa su. A watan Yuli na shekarar aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Ban zo in ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, wannan ba zaurensa ba ne. Abin da nake so matasa su duba shi ne abin da shekarun nan biyar suka ci musu. Akwai abokan da suka tashi tare tun makarantar allo, yau ba sa gaisawa saboda sharhin da ɗaya ya rubuta a waya. Akwai waɗanda suka yi kwanaki ba su runtsa ba saboda hukuncin da za a yanke a Kano ko Abuja, inda ba wanda zai tambaye su ra'ayinsu. Kishin gari abu ne mai kyau, ni ma ina da shi. Amma Rano tana cikin Hausa Bakwai tun kafin a san za a yi majalisar dokoki, kuma kirarin Autan Bawo ba doka ce ta ba da shi ba, balle ta karɓe. Wanda ke kishin Rano da gaske, ga famfon unguwarsu da ya lalace, ga ajin firamaren da iska ta yaye wa rufi, ga mai naƙudar da ake rasa motar kai ta asibiti da dare. Waɗannan hannunsa yana kaiwa gare su. Da rabin zafin da aka ƙone a musu aka zuba a nan, da an ga canji, kuma da shi kansa mai zafin ya fi samun barci.

Tunda na ambaci Hausa Bakwai, ku tuna rabon da tarihin baka ya ce an yi wa 'ya'yan Bawo. Gobir aka ba yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa aka kira su sarakunan baba. Da rini aka san ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya san ba wurin shaƙatawa ba ne. A zuba ruwa a rijiyar rini, a sa baba da toka da katsi, a yi kwanaki ana motsawa ana jira ta nuna, ga wari da ke bin mutum har gida. Marini ya tsuguna ya tsoma zane, ya ɗago shi ya sha iska, ya fito da ɗan kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi a kan idonsa, ya sake mayarwa, ya sake ɗagowa, haka har launin ya kama yadda yake so. Daga nan a kai wa mabuga su yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli. Hannun marini ba ya fita, da shi zai ci tuwo, da shi zai je Idi. Amma irin wannan hannu ne ya sa Bature Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya cika da mamakin yadda tufafin ƙasar nan ke ratsa Sahara, kuma har yau Buzaye na neman turkuɗin Kura. Na tabbata marinin wancan zamani yana da ranakun da gari ya waye ba ya son fita. Na kuma tabbata akwai abin da yake ji a ransa idan ya ɗaga zane ya ga rinin ya kama ba tabo, abin da ba a sayar da shi a kasuwar Rano ko wata kasuwa. Bai fita nemansa ba. Aikin ya fita yi, abin ya same shi a can.

Shi ya sa idan matashi ya ce mini yana neman sana'ar da zai ji daɗinta, nakan ce masa ya sauya tambayar. Kowa yana son a kira shi likita, kowa yana son shago cike da kaya. Tambayar da ke rarrabe mutane ita ce: wace wahala za ka iya jurewa shekara da shekaru ba ka gudu ba? Idan kana son ilimi, za ka iya zaman karatu lokacin da sa'o'inka suke majalisa? Idan kana son kasuwanci, za ka iya cin gari da ƙuli alhali ga kuɗi a aljihunka, saboda ka san uwar kuɗi ce? Idan kina son gida mai albarka, za ki iya da ranakun da ba wanda zai ce miki sannu? Abin da mutum ya yarda ya sha wuya a kansa, shi ne ainihin abin da ya zaɓa. Sauran duk sha'awa ce.

A tarihinmu akwai wanda ya tsaya a wannan mararraba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804. Wajen 1807, ana tsakiyar samun galaba, ya dubi mutanen da ke tare da shi ya ga da yawa hankalinsu ya karkata ga ganima da dawakai da tufafi da muƙami. Abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, kamar yadda ya ba da labari da kansa a Tazyinul Waraƙati. Da ya iso Kano sai jama'a suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda za su tafiyar da al'amuransu. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma wajen Shehu. Abu biyu nake gani a nan. Nasarar da mutane suke zaton ita ce ƙarshen buri ta zo, kuma ita ce ta fara lalata wasu daga cikin waɗanda suka same ta. Sannan shi Malam Abdullahi, da zuciyarsa ta ce masa ya yi nisa da kowa ya huta, buƙatar mutanen Kano ce ta tsayar da shi. Ya zaɓi damuwar da ke da amfani ga wasu, kuma fiye da shekara 200 bayan haka ana karanta littafin a zaurukanmu.

Wannan batu na amfanin wasu yana da muhimmanci, kuma a nan ne nake ganin muna da jarin da muke wasa da shi. A 2015 wata malama, Brett Ford, da abokan aikinta suka gwada tambayar nan ta neman farin ciki a ƙasashe daban-daban. A Amurka suka tarar masu ƙwallafa rai a kansa sun fi ƙarancin samunsa. A Rasha da gabashin Asiya kuwa sai suka ga akasin haka. Da suka bi diddigi, sai suka gano cewa a waɗancan wurare idan mutum ya tashi neman farin ciki, wajen mutane yake nufa: iyali, abokai, taimakon wani. Mu nan ba sai an koya mana wannan ba. Mun gaji gayya, inda matasan gari za su taru su nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Mun gaji dubiya da ta'aziyya da barka, da kwanon tuwon da ake miƙawa maƙwabta ta kan katanga, da ciyayyar da magidanta ke yi a ƙofar gida bayan magariba. Ku tuna yadda mutum yake ji idan ya dawo daga gayya, jiki duk ciwo, ga ƙasa har gira, amma zuciya wasai. Yau waɗannan abubuwa suna ja da baya, muna musanya su da zaman ɗaki da waya, wato muna sayar da abin da bincike ya nuna yana aiki, muna sayen wanda ya nuna ba ya yi. Wannan ciniki ne na asara, kuma ina faɗa da ciwon zuciya.

Wani zai ce, to ai kowa na ganin damuwarsa ita ce mai muhimmanci, yaya za a tantance? Ni dai ga abin da nake auna tawa da shi. Ina duba ko hannuna yana kaiwa ga abin, domin damuwa da abin da ba ka da iko a kansa tana cin mutum ne ba ta gyara komai, sai dai a bar wa Allah a yi addu'a. Ina duba ko bayan shekara goma zan tuna da shi. Sannan ina duba ko zan iya tsayawa gaban Ubangijina in ce a kan wannan na ƙarar da ƙuruciyata. Abubuwan da ke tsallake wannan awo ba su da yawa: tsakaninka da Allah, iyaye, iyali, lafiya, sana'ar halal da ka iya da kyau, da wani abu guda na jama'a da ka ɗauka a wuyanka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ba zan zaɓar wa kowa nasa ba. Kuma zaɓen yana da farashi. Ranar da ka ce ba za ka yi anko ba, za a yi da kai. Ranar da ka fita daga rukunin musun siyasa a waya, za a ce ka yi sanyi ko an saye ka. Wanda bai shirya jin waɗannan maganganu ba, mutane za su ci gaba da zaɓar masa abin da zai damu da shi, kuma ba za su taya shi biyan bashin ba.

Ina da roƙo kafin in zauna. Iyayenmu masu unguwanni da limamanmu, ku ne kuke ɗaura aure, ku ne kuma ake kawo wa ƙara idan ya lalace. Ku zauna da iyaye mata, domin ba a yin wannan gyara ba tare da su ba, ku yi yarjejeniya a kan iyakar lefe da kayan ɗaki da gara a unguwanninku, kuma masu hali su fara yi a kan 'ya'yansu, don talaka ya samu inda zai fake. Wanda ke da ɗa ko ƙane da ya faɗa shaye-shaye, kada ya kore shi daga gida, ya kama hannunsa ya kai shi wajen likita. Ku kuma ƙannena na Rano da Kibiya, kafin ruwan shuka ya sauka, kowace majalisa ta zaɓi aiki ɗaya a unguwarta, famfo ne, ko rufin aji, ko gonar wata gwauruwa da ba ta da mai nome mata, ku sa rana, ku yi shi har ƙarshe.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.